Abin da Muke Kira Gyaran Murya

Gumel,
Asabar, bayan la'asar.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Kano lafiya, ka tarar da Goggonka da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare mini kai a hanya da masauki, ya kare ka daga sharrin baki da sharrin ido. Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba, mahaifiyarka za ta cika maka kunne da shi a waya, har da na akuyar da ta haihu.

Rabona da rubuta wasiƙa tun zamanin kaset. Abin da ya sa na ɗauki biro yau, magana ce guda da na ji a tasha ranar da za ku tafi. Ina can ina faɗa da kwandasta kada ya ɗora buhun gero a kan jitarka, sai abokin nan naka mai kaɗa fiyano ya daki jakarsa ya ce maka, "Kar ka damu mutumina, na taho mana da na gyaran murya." Ka yi dariya. Ni kuwa na san abin da yake nufi. Ban yi magana a wurin ba, ba na so in kunyata ka a gaban mutane ranar tafiyarka.

Ban ce kana sha ba. Na kalli idonka, fari ne tas, kuma a wannan fannin ba a yi mini wayo. Amma gobe ko jibi za ka tsaya gaban makirfo a situdiyo, gabanka yana faɗuwa, manyan mawaƙa suna kallonka, kwalbar nan kuma tana cikin jaka kusa da ƙafarka. Abin da ya hana ni sukuni kwana uku ke nan. Ka san mahaifinka ya yi suna, ka san ya taɓa lalacewa, amma a bakin mutane ka ji, gutsi-gutsi. Yau za ka ji daga bakin mai shi.

A wata ruga da ke bayan Sule Tankarkar aka yanke mini cibiya, kuma a bayan shanu na fara koyon waƙa. Baffa, kakanka da ka ci sunansa, wanda saboda shi bakina ba ya iya kiranka sai da Babana, shi ya koya mini kiran garke. Kowace saniya da sunanta, kuma akwai yadda ake jan murya ta tsallake gona biyu ta isa kunnen wadda ta yi nisa. Ina da shekara goma sha takwas muka kai bijimai biyu kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A bakin kara na ji wani sauti da ban taɓa jin irinsa ba. Wani mutumin Damagaram ne, ana ce masa Mushe Lawali, yadda mutanen can ke cewa malam, ya haɗa jita da batirin mota da lasifika yana kaɗawa. Mu garaya muka sani mai tsirkiya biyu, da molo mai uku. Wannan shida gare ta, tana kuka tana ruri lokaci guda. Na tsaya baki buɗe har Baffa ya sayar da bijiman shi kaɗai.

Bayan mako uku na gudu. Na jingine sandata a jikin bukka, na bi mota zuwa wurin Mushe, ban yi sallama da kowa ba. Kuskurena na farko ke nan, kuma ya daɗe yana bina. Wanda ya fita gida ba sallama, ranar da duniya ta juya masa baya kunya ba ta barinsa ya koma. Kusan shekara ashirin ba na zuwa ruga sai gaisuwar sallah, ita ma a tsaitsaye. Kai ka fita da sallama, na sa maka albarka a gaban mutane. Ƙofar gidan nan a buɗe take, ko da mota ka dawo, ko da silifa wari ɗaya.

Suna kuwa na yi shi, ba zan yi maka kawaici ba. Mu huɗu ne: ni da jita, Tanimu a kan ganga, da 'yan amshi biyu. Na ɗauki irin jan muryar kiran shanu na ɗora a kan wayoyin jita, ina gauraya Hausa da Fulatanci, sai abin ya zo wa mutane sabo. Ƙauyawa suka laƙaba mini Iro Mai Tsirkiya Shida. Ba motar da za ta tashi daga Gumel zuwa Maigatari ba kaset ɗina a ciki. 'Yan acaɓa suna rubuta sunana a bayan babur. Akwai shekarar da wata atamfa mai ruwan ganye ta fito, mata suka sa mata sunan waƙata. In na shiga kasuwa, mai tsire ya miƙo, mai shayi ya miƙo, har mahaifiyarka takan ce ni kaɗai ne mutumin da ke fita da yunwa ya dawo yana gyatsa ba tare da ya taɓa aljihu ba.

A nan na yi kuskure na biyu: na kasa cewa a'a. Duk wanda ya zo ya ce, "Iro, in ba kai ba bikin nan bai yi ba," sai kaina ya kumbura in amsa. Na taɓa yin biki biyar a mako guda, daga Gagarawa zuwa bakin iyaka, a kan babur, cikin rana, ina ihu in danne ƙarar janareta. Maƙogwaro nama ne, Babana. Jaki ma in an yi masa lodin da ya wuce kima kwanciya yake yi. Ka koyi cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan makon ba zan iya ba." Wanda ya yi fushi zai huce, kuma zai fi ganin girmanka.

Wata ranar kasuwa a Sule Tankarkar murya ta ɗauke. An kafa rumfa, jama'a sun cika fili, na buɗe baki sai iska. Tanimu ya ja ni bayan rumfa, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu.

"Maigida, a gyara murya," in ji shi.

Na ce, "Wannan ai maganin tari ne. Ni ba tari nake ba."

"To ai shi ne. Magani ne, a kemis ake sayarwa. Ka ga giya a nan? Kurɓi rabi ka gani."

Na kurɓa. Ciwon maƙogwaro ya tafi, fargaba ta tafi, na hau na yi wasan da har yau tsofaffin garin suna tuna mini. Na sauko na rungume Tanimu na ce ya cece ni. Sai bayan shekaru na gane abin da kwalbar ta yi. Muryar tana nan a dushe yadda take, kunnena ne ya toshe, na daina jin inda take karcewa, jama'a kuma saboda ƙauna suka rufa mini asiri da tafi.

Kuskurena na uku, wanda ya fi sauran, sunan da muka ba abin ne. Ba mu taɓa cewa za mu sha ba, ba mu taɓa cewa maye ba. Gyaran murya muke cewa. In wani ya ce mini mashayi, har ga Allah sai in ji haushi, don ni a ganina ma'aikaci ne mai kula da kayan aikinsa, kamar maƙeri da ke wasa wuƙa. Sunan nan ya sa na sha a gaban malamai ba kunya. Ya sa mahaifiyarka da hannunta ta taɓa aika a sayo mini, tana tausayin mijinta mai ciwon wuya. Takan wanke kwalaben tana zuba man gyaɗa da kananzir, sai da ta ga kwalabe sun fi kwanukan ɗakinta yawa sannan jikinta ya yi sanyi. Daga rabin kwalba na koma ɗaya, na koma biyu, har ranar da ba wasa ma sai na gyara murya kafin in iya gaisawa da maƙwabci. Da sirof ɗin ya riƙa sa ni kasala, aka haɗa mini da tiramol don in miƙe.

Ka riƙa kiran abu da sunansa. Kodin sunansa kodin, ƙwaya sunanta ƙwaya, wanda ba ya iya yini sai da su kuma ya kamu. Duk abin da sai an sake masa suna kafin ya shiga bakinka, ka tsaya ka tambayi dalili.

Ban taɓa dukan kowa a gidan nan ba, wannan mahaifiyarka shaida ce. Amma kana ɗan shekara shida kakan hau cinyata kana ba ni labarin makaranta, in farka in ga ka daɗe da sauka kana zaune a gefe kana kallona. Wannan kallon har yau yana ci mini rai.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru a Gagarawa, don na san ka ji yara suna tsokanata da "Alhaji fito" ba ka san tushensa ba. Akwai wani dattijo, Alhaji Garba Mai Riɗi, mutumin kirki, shi ya saya mana janaretanmu na farko. Allah ya yi masa rasuwa, na je jana'iza, na tsaya a sahu, na bi har maƙabarta. Bayan wata biyu aka yi bikin babban ɗansa, don ya bar wasiyya kada a ɗaga. Aka kira ni, saboda ni mawaƙin gidan ne. Matarsa Hajiya Dije tana cikin takaba, ba ta fita, amma lasifika a kan katangar gidanta aka ɗaura ta.

Ka san yadda muke yi. In wasa ya yi zafi, mawaƙi yakan bi manyan gida ɗaya bayan ɗaya da suna, kowa ya fito fili a yi masa kirari. Ranar kwalba biyu na sha da ƙwaya a kai. Bayan la'asar, rana tana haska fuskar kowa, na kira kawun ango ya fito, na kira wan uwarsa ya fito. Sai na ɗaga murya iya ƙarfina:

"Alhaji Garba Mai Riɗi, fito! Uban ango, ina ka shiga? Yau ranarka ce, ka ɓuya a ɗaka?"

Ba wanda ya motsa. Ni kuwa na ɗauka wasa ne, na ƙara da zolaya, na ce ko rowa ce ta hana Alhaji fitowa. Sau uku ina kira. Tanimu ya ajiye sandunan ganga. 'Yan amshi suka sunkuyar da kai. Ango ya ja babbar riga ya rufe fuska. Fili ya yi tsit, ba abin da ake ji sai janaretan da mamacin ya saya mana. Sai muryar Hajiya Dije ta fito daga bayan asabarin zaure, a hankali, ba faɗa:

"Iro, ai da kai aka binne shi."

Ta ƙara da cewa, "Ku kashe injin nan." Aka kashe. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, kuma wallahi da sun yi mini duka da ya fi mini sauƙi. Wani ya ɗauka a waya, kafin mako ya zagayo ya shiga kowace waya daga nan har Maigatari. Sunan mutane amana ne a bakin mawaƙi, Babana, na rayayyu da na matattu. Kada ka taɓa riƙe makirfo alhali hankalinka bai cika ba.

Za ka zaci daga ranar na daina. Ina! Ƙarawa na yi, don yanzu ga kunya ita ma tana neman abin da zai kwantar da ita. Gayyata ta ɗauke. Sau uku ina rantsuwa na bari, ni kaɗai a ɓoye, sau uku ina komawa kafin kwana biyar. Ana cikin haka Tanimu ya kwanta ƙailula wata rana, aka tashe shi sallar la'asar bai tashi ba. Na yi masa wanka da hannuna, na dawo gida na sha kwalba guda. Kuskure na gaba ke nan: na ɗauka namiji shi kaɗai yake fitar da kansa, neman taimako kuma faɗuwar girma ce.

Mahaifiyarka ce ta karya wannan girman kan. Ba ta yi shawara da ni ba, ta hau acaɓa har ruga ta faɗa wa Baffa komai, ta kira abin da sunansa na gaskiya. Washegari da hantsi sai ga tsoho a ƙofar gidana da sandarsa, shi da bai taɓa taka gidan ba. Na jira faɗa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da Fulatanci, "Damina ta kama, ba ni da mai kiwo. Tashi mu tafi." Mahaifiyarka ta ce ba inda za a je sai an biya ta wurin likita. Likitan bai yi mini wa'azi ba. Ya ce ciwo ne kamar sauran ciwo, ya tsara yadda za a janye ni a hankali, ya ba da magani a hannun mahaifiyarka, ya ce kada ta yarda ta damƙa mini ko na yi kuka. Na kuwa yi kukan, ba ta bayar ba.

Makonnin farko a ruga ba na fatan maƙiyina ya gan su. Zufa, gudawa, hamma har muƙamuƙi ya yi ciwo, ƙasusuwa kamar ana sara. Na zagi Baffa, na zagi matata, na yi yunƙurin gudu da ƙafa zuwa Sule Tankarkar, tsoho ɗan shekara saba'in ya kamo ni a bakin gonar wake don na kasa tsallake kunya uku. In Allah ya jarrabce ka, ko da kurɓa ɗaya ce, ka kira ni ko mahaifiyarka a ranar. Ba zan yi ihu ba, ba ni da bakin yi. Likita za mu je tare.

Da na fara jin ƙarfi, Baffa ya miƙo mini sanda ya ce in juyo da garke daga bakin fadama. Na tsaya, na cika ƙirji, ni Iro Mai Tsirkiya Shida da ake jina a gari uku, na yi kira. Abin da ya fito ko kwaɗo ba zai amsa shi ba. Shanu ko kunne ba su kaɗa ba. Baffa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa yana tari. Sannan ya ɗaga kai ya yi kira ɗaya, ba ƙarfi, duk garken ya ɗago.

Ya ce, "Su ba su san kaset ba. Gobe ka sake."

Kullum sai na sake. Ruwan ɗumi da zuma da citta da safe, fura da nono da rana, yawan shiru, da barci in ya samu. Gero ya yi bununi, ya yi ido, ina nan ina kira ana share ni. Ranar da aka fara girbi na yi kira kamar kullum ba tare da na sa rai ba, sai wata jar saniya ta ɗago kai, ta juyo, sauran suka biyo ta. Na tsaya a tsakiyarsu suna shinshina ni, hawaye yana zuba. An tafa mini a filaye da yawa a rayuwata, ba wanda ya kai mini wannan daɗi.

Da na dawo Gumel, wurin farko da na je Gagarawa ne, ba jita, ba rakiya. Hajiya Dije ta bar ni a zaure daga azahar har la'asar, kuma na cancanci haka. Da ta fito na durƙusa na nemi gafara.

Ta ce, "Tashi, Iro. Na yafe tun a ranar, don Alhaji yana sonka. Amma auta za ta yi aure bayan babbar sallah. Kai za ka yi wasa, a nan ƙofar gidan, inda ka tsaya wancan karon."

Na ce, "Hajiya, a rufa mini asiri. Mutanen garin nan ba za su saurare ni ba."

"Ni zan saurare ka. Sauran kuwa gulma ma za ta kawo su."

Gaskiyarta, ban taɓa ganin taro irin na ranar ba, rabinsu sun zo ganin yadda zan sake faɗuwa. Na tsaya ba komai a cikina sai ruwa da addu'a. Na fara kaɗa tsirkiya, kuma a karo na farko cikin shekaru ina jin kowace karcewar muryata da kunnena. Ta yi kauri, ta sauka ƙasa, ba ta hawa inda take hawa da. Na ci gaba a haka. Da aka zo kiran manyan gida, na kira kawu, na kira yayye, sannan na tsayar da kiɗa na ce, "Alhaji Garba Mai Riɗi!"

Fili ya ɗauke wuta. Na ga wata mata ta dafe ƙirji. Na bari sai da kowa ya ji shirun, sannan na ja murya irin ta bakin fadama na ce Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa yana kallon wannan rana daga inda ya fi nan. Na jero alheransa ɗaya bayan ɗaya, har janaretan. Jama'a da kansu suka zama 'yan amshi, duk inda na ajiye sai su ɗauka da amin, maza da mata, har masu tallan gyaɗa. Sai ga guɗa daga ƙofar gida, Hajiya Dije ce da kanta, hawaye a fuska tana rangaɗawa. Babana, ranar na san na dawo. Waƙar nan da kake ji ana sawa a gidajen biki har gobe, wadda ka ce ita ta fi duk waƙoƙina, a wurin aka haife ta, da muryar da ba a gyara ba.

Shekara goma sha huɗu ke nan ko ɗigo bai shiga bakina ba, alhamdu lillahi. Ba zan ce sha'awar ta mutu ba. Har yau in na wuce ƙofar kemis na ji warin nan mai zaƙi, yawuna yakan tsinke, sai in ƙara sauri. Amma ina noma gerona da riɗina, ina gyara lasifikun mutane, ina yin wasa inda na ga dama in ƙi inda na ga dama. Na riƙe hannun Baffa ranar da zai cika, ya sa mini albarka da hankalina a jikina. In na shiga kasuwa yanzu, yaran da suka yi mini "Alhaji fito" su ne magidantan da ke kawo mini 'ya'yansu in yi musu magana. Na yi kokawa da abin nan na kayar da shi, kuma ina faɗa da ƙarfi don ka san ana kayar da shi.

Abokinka mai fiyano kada ka wulaƙanta shi, kada kuma ka kurɓi abin da ke jakarsa don kara. Tanimu ba mugu ba ne, da zuciya ɗaya ya miƙo mini, kuma ban samu damar ceto shi ba. Ka karanta wa yaron nan wasiƙar nan in ka ga zai saurara. In kun zo hutu ka kawo mini shi, akwai tuwo, akwai kuma maganar da ni da shi za mu fahimci juna a kai.

Saura kuskure ɗaya, kuma kai na yi wa. Na bar shi ƙarshe don shi ya fi yi mini nauyin faɗa. Tun kana ɗan shekara goma sha biyu da ka fara ɗaukar jitata a ɓoye nake kushe muryarka. Na ce siririya ce. Na ce ba ta da ƙarfin fili. Ranar bikin 'yar Goggonka da ka yi waƙa har tsofaffi suka share ido, ka zo kana kallon bakina, na ce maka "ba laifi" na juya. Na ga yadda kafaɗunka suka sauka. Tsoro ne ya sa ni. Na ɗauka in na rage maka ƙarfin gwiwa za ka haƙura da waƙa ka kama wata sana'a, ka tsira daga abin da ya same ni. Sai a tasha, da na ji maganar abokinka, na gane abin da na yi. Shekara goma ina gaya wa ɗana muryarsa ba ta kai ba, yanzu ga wani ya zo masa da abin gyara ta.

To ka ji gaskiya daga bakin wanda ya san murya. Ƙarya na yi maka, ka yafe mini. Duk ranar da kake gwaji a ɗakinka, ina bayan katanga ina yi kamar ina ba tumaki dusa, ina sauraro, wani lokaci har dusar ta ƙare ban sani ba. Muryarka ta fi tawa, ta fi ta ma a lokacin da mata ke sa wa atamfa sunan waƙata. In ka tsaya gaban makirfon nan gabanka ya faɗi, ka bar shi ya faɗi, nawa ma yana faɗuwa har yau. Ka yi bismilla, ka kurɓi ruwa, ka buɗe baki. Babu abin gyarawa a muryarka, Babana, ko kaɗan babu.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare maka hankalinka da lafiyarka da imaninka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ɗaukaka ka ɗaukakar da ba za ta fi ƙarfinka ba. Ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada ka sha ruwan sanyi in ka gama waƙa. Ka gaishe da Goggonka da kyau.

Wassalam.

Mahaifinka,
Iro